Gas Na Tafe Kano: A Fara Tambayar Roba Irin Sanyin Da Za Ta Iya Ɗauka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan ana lafiya.

Jikana ne ya karanta mini a wayarsa ɗan rahoton da kuka kawo kwanakin baya a kan sabbin bututun roba masu ƙarfi, waɗanda ake cewa za su iya ɗaukar gas mai tsananin sanyi a madadin ƙarfe. Na sa ya maimaita mini sau biyu. Rahoton bai faɗi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a zaure bai shiga cikin gida ba. Washegari a majalisarmu ta bayan la'asar, wani aminina mai sayar da kayan gini a Ƙofar Ruwa ya ce to shi ke nan, ƙarfe ya gama yayi, kowa ya koma roba. Wani kuma ya tuntsire da dariya ya ce ina ruwan Kano da maganar sanyi, garin da ma'auni ke haura digiri 40 a watan Afrilu? Su biyun nan suka sa na nemi biro da takarda.

Ni ba injiniya ba ne mai takardar jami'a. Makanikin injin sanyi ne. Na fara da gidajen ƙanƙara masu aiki da amoniya, na yi ɗakunan ajiyar kifi da kaji, daga baya na shekara da dama a wani kamfanin roba a Sharaɗa ina kula da injinan sanyaya ruwa. Sama da shekara talatin ke nan. Abin da na sani, rabi hannu ne ya koya mini, rabi kuma littattafan da ke zuwa a cikin akwatin injina, waɗanda nakan zauna da ƙamus da daddare ina tsinta.

Bari in fara da mai dariya. Malam, sanyin da ake magana a cikin bututun yake, babu ruwansa da hunturu ko bazara. Ka je wurin mai gasa burodi ko mai shayin da ke zuƙar gas da yawa daga tukunya ɗaya, ka dubi gindin tukunyar da tsakar rana. Za ka ga tana gumi, wani lokaci har da farar ƙanƙara a jikinta. Gas ɗin girki a ruwa yake a ciki, kuma idan yana komawa iska sai ya janye zafin duk abin da ke kusa da shi. Ɗaya daga cikin sinadaransa, furofen, yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifili. Amoniyar da na girma a cikinta 33 ce ƙasa da sifili. Waɗannan duk ƙananan yara ne. Ruwan oksijin da manyan asibitoci ke ajiyewa a dogon farin tanki 183 ne ƙasa da sifili. Ruwan naitirojin da likitocin dabbobi ke adana irin bijimai a ciki 196 ne. Gas ɗin da ake sanyayawa har ya zama ruwa, wanda ake kira LNG, irin wanda Najeriya ke lodawa jiragen ruwa daga Bonny tun 1999, yana zaune a 162 ƙasa da sifili. Ana sanyaya shi haka ne don ya ƙanƙance kusan sau 600, a iya zuba shi a tanka. Kuma tankokin nan sun fara hawowa Arewa a kan titi, tun kafin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya fara kawo mana gas.

Ko gas ɗin mota na CNG, da aka rungume shi tun bayan cire tallafin fetur a 2023, yana da nasa sanyin. A tukunyar mota matsinsa ya kai ba 200 ("ba" sunan ma'aunin matsi ne, wato bar a Turance). Idan aka sauke matsin nan farat ɗaya, gas ɗin yakan yi sanyi ƙwarai, shi ya sa za ka ga an jawo tiyo biyu na ruwan zafin inji an ratsa da su ta cikin na'urar rage matsin. Duk makanikin da ya ga tiyon nan ya ɗauka ado ne ya toshe su, zai ga mota tana shaƙewa da sanyin safiya.

To yanzu ga aminina na Ƙofar Ruwa, wanda kuskurensa ya fi ba ni tsoro. A bakinmu komai roba ne. Buta roba, leda roba, taya roba, bututun masai roba, kujerar biki roba. Kalma ɗaya muka ɗora wa dangi guda, alhali halinsu ya sha bamban kamar na 'ya'yan kishiyoyi. Zan ba da labarin ranar da na gane haka da idona.

Wata shekara, a wani wurin gyaran manyan injina da ba zan ambaci sunansa ba, aka kira ni in taimaka. Ana son a cusa wani zoben ƙarfe a cikin ramin da ya yi masa kaɗan, kuma dabarar ita ce a tsoma zoben a ruwan naitirojin ya tsuke, a zura shi, idan ya huce ya kama gam. An kawo tulun naitirojin, amma tiyon ƙarfe mai lanƙwasa da ake juye shi da shi ya ɓata. Mai wurin yana sauri. Ya aiki yaro kasuwa ya sayo tiyon nan mai haske da zare a saƙe a cikinsa, irin na famfon ruwa, mai kauri, sabo dal. Na ce a dakata. Ya ce mini, "Baba, wannan tiyo mota ta taka shi ba ya fashewa." Gaskiya ya faɗa, a rana mota ta taka shi ba ya fashewa. Laifina shi ne da ban tsaya kai da fata ba.

Aka buɗe bawul. Cikin ƙiftawar ido tiyon ya yi fari fat, hazo na sauka daga jikinsa yana bin ƙasa. Ya sandare a yadda yake a lanƙwashe, kamar macijin da ya bushe a kan hanya. Yaron da nake koya wa aiki ya ga bakinsa ya kauce daga bokiti, ya kai hannu ya ɗan ɗaga shi. Ƙarar da na ji irin ta karya ƙuli-ƙuli ce, ƙas. Tiyon ya rabe uku, gutsattsarinsa suka watse kamar fasasshiyar kwalba, ruwan ya kwarara a kan hannun yaron. Yana sanye da safar hannu ta auduga, ita ce ma ta cuce shi, don ta sha ruwan ta riƙe a kan fata. Kafin mu zare ta yatsu biyu sun yi fari kamar alli. Kwana biyu suka tashi da bororo, sak ƙunar wuta. Allah Ya sa bai rasa su ba, amma har yau idan hunturu ya kama yakan ce mini suna masa zugi.

Daga baya na nemi dalilin. Kowace roba, a can cikinta, dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, a cuɗe da juna. Ka ɗauke su kamar taliya 'yar murji. Dafaffiya ka naɗe ta a yatsa yadda kake so, busasshiya kuwa da ka tanƙwara sai ta karye. Zafi ne ke ba zaruruwan nan damar motsi. Kowace roba tana da matakin sanyin da idan ta sauka ƙasa da shi zaruruwanta suke daina motsi, ta koma halin gilashi. Farin bututun PVC da muke jan ruwa da shi, tun a zafin ɗaki ma yana cikin wannan halin, shi ya sa yake da tauri, kuma da sanyi ya kusanci sifili sai ya ƙara gautsi. Robar bokiti da kujera, mai alamar PP, nata matakin yana wajejen sifili. Masu sayar da ƙanƙara sun sani, kwanon da ka ciro daga firiza idan ya faɗi ba ya yafewa. Baƙin bututun PE kuwa, wanda ake naɗowa a ƙatuwar gammo, yana riƙe laushinsa har can ƙasa da inda waɗancan suka sare. Tiyon da ya karye mana PVC ne da aka zuba wa sinadarin laushi, kuma sinadarin bai taɓa jin labarin digiri 196 ba.

Kada a ɗauka ƙarfe ya tsira daga wannan. Baƙin ƙarfe na yau da kullum shi ma yakan zama gilashi a sanyi. A ranar 20 ga Oktoban 1944, a birnin Kilibland na jihar Ohayo a Amurka, wani tankin LNG ya tsage saboda ƙarfensa ba shi da isasshen nikel, kashi 3.5 cikin ɗari kawai. Ruwan gas ya malala cikin unguwa da magudanan ruwa, ya kama da wuta, mutum wajen 130 suka rasu. Daga nan duniya ta koyi darasi, aka koma ƙarfe mai nikel kashi 9, da sitenles (farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa), da alminiyom. Roba ma ta ci nata rayukan. Kumbon Challenger da ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986 da mutum bakwai a ciki, zoben roba ne na toshe haɗi ya sandare da sanyin asuba, ya kasa komawa mazauninsa. Masanin nan Richard Feynman ya nuna wa duniya haka a gaban kyamara da gutsuren robar da kofin ruwan ƙanƙara. Sanyin da ya yi wannan ɓarna bai wuce na firizar gida ba, ko kaiwa ma bai yi ba.

Robobi masu ƙarfin da rahotonku ya ambata suna nan, ban musa ba. Na riƙe wasu a hannuna. Akwai Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a 1938, wanda masu gyaran famfo suka sani a matsayin farin zaren naɗe bakin bututu. Yana jure sanyin naitirojin ba ya fashewa. Akwai ɗan'uwansa PCTFE da ake yin mazaunin bawul na LNG da shi. Akwai PEEK, mai launin ƙasa-ƙasa, da aka ƙirƙiro a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, wanda tsadarsa kan sa ma'aji ya cire hula ya sosa kai. Akwai wani nau'in PE mai dogayen zaruruwa fiye da kima, da ake saƙa igiyar jirgin ruwa da rigar sulke da shi. Har akwai wata nailan, PA11, da ake yi da man zurma, zurmar nan da ke fitowa a bayan gida da kan bola ba mai kallonta. Da ita da 'yar'uwarta PA12 ake yin siririn tiyon birkin iska na tirela. Indiya ce ke cin kasuwar zurma a duniya, mu kuwa muna sare ta da lauje. Wannan maganar wata rana ce.

Amma a ina suke aiki? A wurin da sanyi ya kai na LNG, abin da na sani shi ne gangar jikin bututun har yanzu sitenles ce, roba kuma tana riƙe ƙananan wurare masu muhimmanci: mazaunin bawul, zoben toshe haɗi, matashin da ke raba bututu mai sanyi da ƙarfen da ya ɗauke shi, da kumfar da ake lulluɓe shi da ita don kada zafi ya shiga. Akwai kuma manyan tiyo na juye LNG tsakanin jirgi da jirgi, waɗanda ake yi da falle-fallen roba da saƙa masu yawa, amma su ma wayar sitenles ce ta riƙe su ciki da waje.

Abin da ya hana roba cin gari duka, bayan gautsi, shi ne tsukewa. Bututun sitenles mai mita 100, idan ka sauke shi daga zafin Kano zuwa sanyin LNG, zai rage tsawo da kamar ƙafa ɗaya. Teflon mai wannan tsawon zai rage wajen mita biyu. To ka haɗa su wuri ɗaya da noti, ɗaya na ja da ƙafa ɗaya na ja da gudu, ka ga inda yoyo zai fito. Waɗanda ake ƙarfafawa da zaren kabon ko na gilashi su ma suna da ciwonsu: zaren ba ya tsukewa sosai, ƙaron da ya riƙe shi yana tsukewa, sai ƙananan tsaga su buɗe a tsakani, gas ya riƙa silalewa. Wannan ne ya kayar da tankin haidirojin na kumbon gwaji X-33 a Amurka a 1999, bayan an narkar da dukiya a kansa. Masana na ta aiki a kai, kuma ina yi musu fatan nasara, don roba ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, ba ta jan zafi kamar ƙarfe. Amma abin da ke ɗakin gwaji a Turai ba shi ne ke rataye a rumfar Sabon Gari ba.

Inda roba ta riga ta yi nasara shi ne rarraba gas a cikin gari, bayan ya koma iska an rage masa matsi. Bututun PE100, rawaya ko ruwan lemo ko baƙi mai ratsin rawaya, an ƙera shi ya yi shekara 50 a ƙarƙashin ƙasa, ana haɗa shi da narkarwa ba da gam ba. Ƙa'idar duniya da ta shafe shi ta ba shi iyaka: matsi kada ya wuce ba 10, zafi kuma daga 20 ƙasa da sifili zuwa 40 sama da shi. Ka lura da bakin iyakar biyu, ya Edita. Ta sama rana ce ta Kano ke taɓa ta idan aka bar bututun a fili, ta ƙasa kuma tankin LNG ne zai iya ratsa ta a cikin daƙiƙa.

Nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Masana'antar da ta sayi LNG tana ajiye shi a tanki, daga nan ya bi ta wasu dogayen fukafukan alminiyom da ke tsaye a fili, iskar gari ta ɗumama shi ya koma gas, sannan ya shiga bututun da ke kai shi tukunyar wuta ko janareta. Fukafukan nan suna tara ƙanƙara. Idan aka matsa musu aiki dare da rana ba a hutar da su ba, ƙanƙarar takan rufe su, su kasa ɗumama komai, ruwa mai sanyin 162 ya wuce kai tsaye zuwa bututun da ba a yi shi don haka ba, na baƙin ƙarfe ne ko na roba. Saboda haka ake sa ma'aunin sanyi da bawul mai rufe kansa a wannan mahaɗa. Na san halinmu. Ranar da bawul ɗin ya fara tsayar da aiki ana tsakiyar cika oda, za a sami wanda zai ce a ɗaure shi da waya zuwa gobe. Na ga an yi wa na'urorin kariya na injin amoniya haka ba sau ɗaya ba.

Abu na biyu ya fito daga gidan da na yi aiki. Kano gari ne na roba, Sharaɗa da Challawa da Bompai sun shaida, kuma sana'ar 'yan jari-bola tana ciyar da dubban gidaje. Ba na raina ta. Niƙaƙƙiyar roba ta yi buta, ta yi silifa, ta yi bokiti, Allah Ya sa albarka. Amma robar da ta sha rana a bola, aka niƙa, aka narkar sau biyu sau uku, zaruruwanta sun guntule, kuma ba wanda ya san me da me aka cakuɗa a ciki. Wasu kuma sukan ƙara garin farar ƙasa don bututu ya yi nauyi a hannun mai saye. A ruwa, ƙarshenta ya fashe a jiƙa katanga. A gas fa? Rini rawaya ba shi da tsada, injin buga rubutu a jikin bututu ma haka. Ranar da gas ya wadata a garin nan, wallahi sai an ga rawayan bututu a kasuwa wanda bai taɓa ganin ɗakin gwaji ba.

Ga asibitoci kuma kalma ɗaya. Oksijin ba ya shiri da maiko, kuma yawancin robobi a cikinsa makamashi ne. Wanda ya saba shafa giris a bakin noti kada a bar shi kusa da tankin nan sai an sake masa karatu.

Roƙona ga Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, da Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da jigila da rarraba mai da gas, shi ne su riga kasuwa isowa. A shiga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a yanki samfuri daga abin da ake sayarwa, ba wanda kamfani ya zaɓo da hannunsa ya kai ofis ba. Gwajin gautsi tsoho ne, tun 1901 Bafaranshe Georges Charpy ya tsara shi: a sanyaya gutsure, a yi masa ɗan tsagi, a sako masa guduma mai lilo, a auna ƙarfin da ya sha kafin ya karye. Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da jami'ar Wudil suna da malaman da za su iya wannan da ido a rufe. A buga sakamakon a jarida irin taku, da Hausa, yadda mai rumfa da mai gyaran famfo za su karanta. Sannan a tara masu walda da masu haɗa bututu da makanikan CNG a koya musu, a ba su shaidar da ba a sayenta da kuɗi. Yaran nan suna da hannu, abin da ba a nuna musu ba ne ba su sani ba, kamar yadda ni ma ba a nuna mini ba sai da yaron mutane ya ji ciwo a gabana.

Gutsuren tiyon nan yana nan a akwatin kayan aikina, na naɗe shi a tsumma. Da ya huce ya koma laushinsa kamar ba shi ba, sai bakin karayar da ya rage da kaifi. Idan kana da wakilin da ke son gani, ka turo shi Sharaɗa ranar Asabar da hantsi. Zan nemo naitirojin lita biyu a wurin wani abokina, mu sayi tiyo da bututu kala huɗu a kasuwa da kuɗinmu, mu tsoma su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hoto. Tabarau da safar fata ina da su, zan ara masa. Ya zo da rufaffen takalmi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon makanikin injin sanyi,
Sharaɗa, Kano.